Wa ke riƙe da makullin turakar na'urarka?

'Yar na'urar MiFi da muke kama intanet da ita a Jangebe kwamfuta ce sukutum, kuma galibin irinta Linux ke motsa su, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Cikinta kamar gida ne, ƙofarsa alamar /. Ɗakin /bin na kayan aiki ne, /etc na tsare-tsare, /tmp kuwa zaure ne, kowa na iya ajiye kaya.

Kowane fayil yana da izini uku: karantawa 4, rubutawa 2, kunnawa 1. Ana tara su a fitar da lamba uku, ta mai shi, ta 'yan rukuninsa, da ta sauran jama'a. Wato 755 na nufin mai shi ya yi komai, saura su karanta su kunna kawai. Shi kuwa /etc/shadow, ma'ajiyar kalmomin sirri, 600 ko 640 ake ba shi.

Inda masu koyo ke faɗawa rami shi ne 777. Da na'ura ta ce babu izini, sai a buga chmod 777 a huta. To, an cire ƙyauren turaka ke nan, kowace manhaja, har da muguwa, tana iya sauya fayil ɗin. A ganinmu, ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da ke haɗa irin wannan na'ura, gara ya ɓata awa guda ya gano izinin da ya rasa.

Android ma 'yar gidan Linux ce. In mai gyaran waya ya ce zai buɗe maka tushenta, dakata tukuna, domin manhajojin banki da dama kan ƙi buɗewa bayan haka.