Kogin Kwara: Ya Raine Mu, Mun Juya Masa Baya

A Yawuri aka yanke mini cibiya, kuma kafin in san harafi na san ƙarar filafili a kan ruwa. Kakana masunci ne. Shi ya fara nuna mini cewa Kwara sau biyu take cika a shekara: farin ruwa mai laka da damina, sannan baƙin ruwa garai-garai a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama.

Sai da na girma na gane dalili. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku. Ruwan daminar can yakan bazu a faffaɗar fadamar ƙasar Mali, ya ajiye lakarsa, ya shafe watanni yana ratsa Gao da Yamai kafin ya iso mana. Ashe ruwan da muke alwala da shi a watan Janairu, tun damina ya zuba a wata ƙasa.

Kowace al'umma da sunan da take kiransa: Joliba a bakin Mandinka, Isa Ber a bakin Songhai. A wajenmu kuwa gona ne, kasuwa ce, hanya ce. Sarkawa da Gungawa sun rayu da giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, sun yi maƙwabtaka da dorina da ayu.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsohon garin Busa ya nutse, aka tashi dubban mutane daga gidajen kakanninsu domin birane su sami lantarki. Me jikokinsu suka samu? A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a Jihar Kebbi, rayuka da dama suka salwanta. Har yau ana loda wa jirage fiye da kima, mafi yawan fasinja ba rigar kariya.

Mu ma da namu laifin. Koma mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, leda kuma ta cika gaɓa. Bara na je gida, na tarar da kifin da kakana kan mayar ruwa shi ake kasawa a kasuwa.

Gyaran ba ya buƙatar dogon taro: a mayar wa Sarakunan Ruwa ikon hana su lokacin hayayyafa, a tilasta rigar kariya a kowace tasha. In kogin ya tsiyace, mu da muke bakinsa za mu fara ji a jika.