Lakar da ta ƙi kwantawa

Duk wanda ya ɗebi ruwan rijiya a Ojoo ko Sabo a Ibadan bayan an yi ruwan sama ya san yashi kan kwanta nan take, amma jan nan na laka sai ya kwana bai gushe ba. Akan ce rashin nauyi ne, sai dai rabin magana ke nan. Ƙwayoyin laka, waɗanda dubunsu a jere ba su wuce milimita biyu ba, duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, saboda haka ture juna suke yi, ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Tun 1807 masanin kimiyya Ferdinand Reuss ya tsoma wayoyin batir biyu cikin jiƙaƙƙiyar laka a Mosko, ya ga ƙwayoyin sun nufi waya guda.

Lantarki bai tsaya ga jan ƙwaya ba, har juya ta yake yi. Idan cajin fuskokinta biyu ya bambanta, shi ke zaɓar wadda za ta kalli bango ko gilashin da ke kusa. A kan wannan Nick Sheridon na kamfanin Xerox a Amurka ya ƙera takardar Gyricon a shekarun 1970: ƙananan ƙwallaye, rabi fari rabi baƙi, suna mirginawa da umarnin lantarki sai rubutu ya bayyana. Matar da ke jefa alif cikin bokiti, ko dakakken irin zogale, dokar cajin nan take murzawa ta wata hanyar. Dukansu suna sakin kishiyar caji, turewar ta mutu, laka ta dunƙule ta kwanta. Abin da manyan matatun ruwa ke yi da buhunan alif ke nan, ba wani siddabaru.

Wani zai ce to me ya hana a tace ruwan da lantarkin kai tsaye? Ana yi, da farantan ƙarfe da ake ba wuta cikin tanki, amma dabara ce mai son tsayayyiyar wuta, mai shago a Ojoo kuwa ya san tsadar janareto. Alif ya fi araha nesa ba kusa ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa tunda ruwa ya washe, ya shawu. A'a. Kashe caji dabam, kashe ƙwayar kwalara dabam: wasu kan bi laka zuwa gindin bokiti, wasu na nan da ransu. Bayan alif, a tsiyaye ruwan a tafasa, ko a sa kulorin, kafin a ba yaro.