Hannun da aka hana motsi bayan tiyatar mama

Yekuwar gwajin sankarar mama da gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi a Kebbi, zamanin mulkin Atiku Bagudu daga 2015 zuwa 2023, ta rage ɓoyon cutar. Mace daga Jega, Aliero ko Maiyama takan je Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a yi mata aiki, a sallame ta bayan 'yan kwanaki. Sauran jinyar ta koma tsakar gida, inda babu nas.

Sau da yawa ba maman kaɗai ake cirewa ba, har da kaluluwar hammata. Fata ta ɗame, kafaɗa ta sage. Maganin wannan motsi ne kaɗan-kaɗan: matse yatsu da lanƙwasa gwiwar hannu a kwanakin farko, sannan idan likita ya ba da izini, ta fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsunta, kullum tana ƙara tsawo. Wadda ba ta yi ba, a hankali sai ɗaura ɗankwali ya iya gagarar ta. Idan kuma aka tura ta gashin cutar, dole ta ɗaga hannu sama da kai a kan na'ura, abin da sagaggiyar kafaɗa ba ta iyawa.

To, me ke hana motsin? A ganina, tausayi ne. Aliero gari ne da ya yi suna wajen ɗori, mutanen yankin kuma sun tashi da sanin cewa gaɓar da ta ji rauni ɗaure ta ake yi, a bar ta ta huta. Ga karaya, gaskiya ne. Sai uwa ko suruka ta ɗauki wannan sani ta ɗora a kan tiyata: "Ke 'yar nan, sauke hannun kada ɗinki ya warware." Ita kuma ba ta iya musu da babba. Wani gidan akasin haka ne, rashin mataimaki ya sa ta koma daka da jan guga tun ciwon yana ɗanye.

Nas-nas suna bayani, amma ranar sallama, ga mace mai zafin ciwo, hankalinta na kan kuɗin mota. Mai jinyar da za ta kwana da ita tana waje da kwanuka, mijin da zai ba da izinin komawa asibiti yana layin biyan kuɗi. Masu gashin ƙashi da za su koya mata motsin kuwa a manyan asibitoci suke.

Amma Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa asibitocin karkara. Su ne ke wanke ciwon idan matar ta dawo gida, su kuma suruka za ta saurara in suka ce a ɗaga hannun.