Ƙarancin abinci a gabashin Sakkwato

Ƙarancin abinci shi ne halin da gida yake shiga idan ya kasa samun isasshen abinci mai gina jiki a kai a kai. A gabashin Jihar Sakkwato, musamman ƙananan hukumomin Rabah, Wurno da Goronyo, yawancin jama'a manoma ne da makiyaya. A ƙauyuka irin su Tursa, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rabah, ana noma gero da dawa da wake da damina, da rani kuma a koma fadama domin shinkafa da albasa da tafarnuwa. Abin da aka zuba a rumbu da kaka shi ake fatan ya kai iyali wata kakar, don haka masifa guda tana iya rushe lissafin shekara.

Yadda gida yake faɗawa yunwa

Yunwa ba ta cika shiga gida rana ɗaya ba. Idan magidanci ya kwanta rashin lafiya, ko gona ta lalace, ko aka sace wani aka nemi kuɗin fansa, hatsin rumbu ake fara sayarwa, galibi da kaka lokacin da farashi ya faɗi. Daga nan sai awaki da tumaki, waɗanda sau da yawa na mata ne, sai shanun huɗa, a ƙarshe a jinginar da gona. Daga watan Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare kuma sabon amfani bai nuna ba, gidan da ya sayar da arha zai saya da tsada ko ya ci bashin da zai biya da kaka. Ana rage ci daga sau uku zuwa biyu ko ɗaya, a ƙara da rama da tafasa. Ƙananan yara ne suke fara nuna alama, da cutar tamowa.

Manyan musabbabai

A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima bayan madatsar ruwa ta Goronyo ta cika, daidai lokacin da amfani ya kusa nuna. Amma abin da ya fi gurgunta noma a shekarun baya-bayan nan shi ne hare-haren 'yan bindiga. A watan Yulin 2018 an kai hari ƙauyen Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi, suka bar gonakinsu a tsakiyar damina. A watan Oktoban 2021 an kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. A wasu ƙauyukan sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka ko a girbe. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota da na ban-ruwa, domin injinan fadama da fetur suke aiki.

Taimakon al'umma

Dangi da maƙwabta ne suke fara kai ɗauki, da kwanon hatsi ko ƙwaryar tuwo, ko gayya a gonar wanda ya kwanta. Matasa suna tafiya ci-rani su aiko da kuɗi. Zakkar amfanin gona tana da babban matsayi: wanda ya kai nisabi yana fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da gonar, ko ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa ya yi da wahala. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana tattarawa ta raba ta hannun gundumomi, ana kuma ciyar da mabuƙata a watan azumi.

Wannan tsari ya fi ƙarfi idan gida ɗaya ne ya shiga matsala. Idan ƙauye gaba ɗaya ya tashi, mai bayarwa ma ya zama mai nema, nauyin kuma ya koma kan garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira. A nan ne hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA suke kai hatsi, UNICEF kuma take tallafa wa cibiyoyin lafiya da abincin gyaɗa na musamman da ake bai wa yara masu tamowa. Irin wannan agaji yakan zo jefi-jefi, kuma ya fi isa garuruwan bakin titi fiye da ƙauyukan da hanyarsu take da haɗari.