ABIN DA JINI KE NUNAWA BAYAN DASHEN ƘODA

A shekarar 1954 aka fara cin nasarar dasa wa mutum ƙodar wani, a birnin Boston na Amurka, tsakanin waɗansu tagwaye. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma wannan aiki a 2002. Saboda haka yanzu a kan sami masu ɗauke da ƙodar ɗan'uwa a cikin gundumomi, ya kamata kuwa hakimai da malamansu su san dalilin da likita ya ke yawan kiransu a ɗebi jini.

Jiki ba ya son baƙo. Dakarun jini su kan ɗauki sabuwar ƙoda abokiyar gaba, su far mata, mai ita kuwa sau da yawa ba ya jin kome sai ɓarna ta yi nisa. Jini ne ke fara tona asiri.

Babban abin da a ke aunawa shi ne kiriyatinin, watau dattin da tsoka ke zubarwa cikin jini, ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari. In ya hau, aikinta ya ragu. Amma shaida ne mai nawa, gama ƙoda ta kan raunana ƙwarai kafin ya nuna. Ba ya kuma faɗin dalili, ko jiki ne ya ƙi ta, ko ƙarancin ruwa, ko magani ya yi yawa. Akwai kuma CRP, wanda hanta ke yi sa'ad da kumburi ya auku a ciki. Ya kan hau bayan fiɗa, sa'an nan ya sauka. In ya sāke hawa, likita ya kan nemi ƙwayar cuta. A zamanin nan har a kan auna ɓurɓushin ƙwayoyin gado da ƙodar ke zubarwa cikin jini in ta ji rauni, sai dai da tsada. In shakka ta rage, sai a tsakuro ɗan naman ƙodar da allura a duba.

Maganin hana jiki ƙin ƙoda, irin su takrolimus, shi ma a kan auna shi da safe kafin a sha na ranar. In ya gaza, jiki ya ƙi ƙodar. In ya zarce, ya cuce ta.

Hatsarin yana wajen wanda ya ji garau ya daina zuwa, ko ya koma ga jiƙo da sassaƙe. In labarin irin wannan ya iske hakimi, lalle ya kira dangi ya gargaɗe su, malami kuma ya rubuta musu ranar awo a takarda.