Ƙyanda a jikin yaron da aka yi wa rigakafi: laifin allura ne ko ƙwayar cuta ta rikiɗa?

Duk shekara idan sanyi ya ja jiki zafin bazara ya kankama, ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, takan dawo unguwannin Jalingo da ƙauyukan kewaye. Tana zuwa da wata tambaya da iyaye ke yi wa ma'aikatan lafiya: me ya sa yaron da ke da katin rigakafi ya kwanta tare da wanda bai taɓa ganin allura ba? Amsar da ke yawo a gari ita ce cutar ta canza kama, allurar ta tsufa. Zato ne mai kama hankali, musamman ga wanda ya ga yadda korona ta riƙa fitowa da sababbin iri. Sai dai binciken ƙwayoyin halittar cutar ya ƙaryata shi.

Gaskiya ne ƙwayar ƙyanda tana da dangi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba ta gida 24, ta hanyar karanta wani ɗan yanki mai haruffa 450 na ƙwayoyin halittarta. Dangin da ya mamaye Afirka ta Yamma sunansa B3, kuma ɗaya daga cikin samfuran da duniya ke auna shi da su a Ibadan aka samo shi a 1997. Ita kuwa allurar daga dangin A take, yawancinta jikokin ƙwayar da John Enders da Thomas Peebles suka ware a Boston ta Amurka a 1954. Wato allurar da ake yi wa yaro a Jalingo da ƙwayar da ke yawo a Taraba ba gida ɗaya suka fito ba, amma garkuwar jiki ba ta bambanta su. Dalili shi ne wurin da sojojin jini ke cafke ƙwayar shi ne kuma wurin da take amfani da shi wajen shiga jikin mutum. Kamar ɗan makulli ne: in ta sake haƙoransa don ta ɓoye, ƙofar ma ba za ta buɗu ba. Shi ya sa allurar da aka fara amfani da ita a 1963 take aiki har yau, ta mura kuwa sai an sabunta ta kowace shekara.

Da a ce cutar tana kuɓuce wa allura, da an ga wani dangi na musamman yana taruwa a jikin waɗanda aka yi wa rigakafi. Ba haka ake gani ba. Idan annoba ta ɓarke, dangin da ke jikin mai kati shi ne a jikin marar kati, domin tushe ɗaya suka ɗauko ta. Kuma dangogin raguwa suke yi: a 'yan shekarun nan B3 da D8 kaɗai ake samu a duniya, sauran an daina ganinsu.

Mai ja zai ce wasu gwaje-gwaje sun nuna jinin waɗanda aka yi wa allura ya fi kashe dangin A da sauri fiye da B3. An ga haka, kuma dalili ne na ci gaba da sa ido. Amma bambancin bai kai ya karya kariya ba, domin ƙasashen da suka yi wa yaransu allura biyu sun sha tsayar da B3 da aka shigo musu da shi.

To ina matsalar take? Allura ɗaya a wata tara tana kare kusan yara 85 cikin ɗari ne, saboda garkuwar da jariri ya gada daga uwa takan kashe maganin kafin ya yi aiki. Allura ta biyu, wadda Nijeriya ke yi a wata 15, ita ke ɗaga kariyar zuwa kusan 97 cikin ɗari, kuma ita ce iyaye suka fi mancewa da ita. Sannan maganin ba ya son zafi. Dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan an haɗa shi da ruwansa a zubar da ragowar bayan awa shida. Wanda ya san hanyar Jalingo zuwa Gembu a tsaunin Mambila, ko ƙauyukan Karim Lamido na bakin Binuwai, ya san wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Ga cutar da mutum ɗaya kan iya harbin 12 zuwa 18, sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafi kafin ta rasa hanya.

Amfanin karanta dangin ƙwayar a jiha mai iyaka da Kamaru kamar Taraba shi ne bin sawu: ko annobar ta gida ce ko baƙuwa. Yana kuma raba gardama idan yaro ya yi zazzaɓi da ƙuraje mako ɗaya ko biyu bayan allura. In an samu dangin A, tasirin allurar ne, ba ya yaɗuwa. In B3 ne, ya riga ya kamu kafin maganin ya kama jiki, sai a nemi sauran yaran unguwar da ba a yi wa ba.