Digirin gudanar da kasuwanci: Abin da ake koyarwa, hanyoyin shiga da inda ake yin tuntuɓe

A kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai tsohuwar muhawarar da ta ƙi ƙarewa: shin kasuwanci a aji ake koyonsa, ko kuwa sai a gindin shago? Masu cewa a shago suna da hujja mai nauyi, domin Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiyar da aka lissafa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma ba tare da ya taka jami'a ba. Masu ɗaya ra'ayin kuma sukan nuna tattaɓa-kunnensa, Aliko Dangote, wanda ya karanta fannin kasuwanci a Jami'ar Al-Azhar da ke Alƙahira kafin ya kama harkarsa gadan-gadan.

Ga wanda abin ya shafa, batun ya wuce hira. Ɗan kasuwar da zai saki babban ɗansa shekara huɗu ya san hannun da zai rasa a shago. Ma'aikacin gwamnatin da ya daɗe a mataki ɗaya shi ma ya san abin da kuɗin makaranta zai ci daga albashinsa. Dukansu suna bukatar sanin abin da za su saya kafin su biya.

Abin da ke cikin kwas ɗin

Digirin gudanar da kasuwanci shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara uku ga wanda ya shiga kai-tsaye aji biyu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar. A sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a Disamban 2022, hukumar ce ke fayyace kashi 70 cikin 100 na darussan, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. Shi ya sa takardar shaida iri ɗaya daga jami'o'i biyu ba lallai ta ƙunshi karatu iri ɗaya ba.

Shekarar farko ta shimfiɗa ce: lissafi, tsimi da tanadi, tushen ilimin akanta, amfani da kwamfuta da Turanci. A nan ɗalibai da dama ke fara karaya, domin wasu kan zaɓi fannin ne da tunanin sun tsere wa lissafi, sai su tarar yana jiransu a bakin ƙofa, ƙididdiga kuma na biye da shi a shekara ta biyu.

Daga nan ake shiga gundarin karatun: dabarun tallata haja, sarrafa kuɗi, kula da ma'aikata, tsara sarrafa kaya a masana'anta, dokokin kasuwanci da na kamfanoni, da ƙirƙirar sana'a. Ɗalibi zai haɗu da sunaye irin su Frederick Taylor, Ba'amurken da ya wallafa littafinsa kan tsara aiki bisa awo da lissafi a 1911, da Henri Fayol, Bafaranshen da ya zayyana ƙa'idojin shugabanci 14 a 1916. A shekarar ƙarshe akwai darasin tsara manufa mai dogon zango, sannan kundin bincike da kowa zai rubuta.

Amfanin duk wannan yana fitowa fili ne a misali. A ɗauka mai shago yana kashe Naira dubu 300 a wata kan haya da albashin yara da wuta da man janareta, kuma ribar da yake samu a kan kowace turmin atamfa Naira dubu biyu ce. Sai ya sayar da turmi 150 kafin ya fara cin ribar kobo ɗaya a wannan wata. Idan ya rage Naira 500 a kan kowace turmi don jawo masu saye, adadin ya tashi zuwa 200. Tambayar da aji ke koya masa ya yi ita ce, shin ragin zai kawo ƙarin cinikin turmi 50? In ba zai kawo ba, shagon ya cika da jama'a amma aljihu na ramewa.

Akwai kuma asarar da ke zuwa da rigar riba. Wanda ya sari buhu a kan Naira dubu 50 ya sayar dubu 55 yana ganin ya ci dubu biyar. Idan ya koma sari ya tarar buhun ya kai dubu 57, kuɗin da ke hannunsa ba za su mayar da kayan da ya fitar ba. Jarinsa ya ragu, ko da littafinsa na nuna riba. A lokacin hauhawar farashi wannan ya durƙusar da shaguna ba tare da masu su sun gane inda ɓarakar take ba. Haka batun bashi: cinikin da aka rubuta a littafi ba kuɗi ba ne sai an karɓo shi, kuma kasuwanci mai riba na iya tsayawa cak saboda kuɗinsa na hannun mutane ranar da za a biya dila.

Tsofaffin 'yan kasuwa da yawa sun san waɗannan abubuwa da ka, wasu ma fiye da malaman da ke koyar da su. Bambancin shi ne karatu yana mayar da sanin zuwa rubutu da tsari, yadda wani zai iya ɗauka ya ci gaba. Arewa ta sha ganin manyan gidajen kasuwanci da suka watse bayan rasuwar mai su, saboda lissafin duka a kansa yake, kuma ba a taɓa raba aljihun gida da na shago ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a hukumar CAC, amma rajista ba ta amfanar wanda bai iya ajiye bayanan da banki da hukumar haraji za su nema ba.

Sai dai karatun na da giɓinsa. Yawancin littattafan an rubuta su ne bisa kamfanonin Amurka da Turai, inda kwangila a rubuce take kuma wuta ba ta ɗaukewa. Ba su san amanar da ke sa a ba mutum kayan miliyoyi da kalmar baki ba, ba su san dillali ko adashi ba. Aji ba ya koyar da karanta fuskar mai saye, ko jure faɗuwar jari. Ɗan kasuwar da ya tura ɗansa jami'a ya kuma yanke shi daga shago a lokutan hutu, yakan karɓi matashi mai takarda wanda bai san farashin komai ba.

Hanyoyin shiga

Sharaɗin farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi, kuma galibin jami'o'i na neman tsimi da tanadi. A JAMB ana rubuta darussa huɗu: Turanci, lissafi, tsimi da tanadi, da ɗaya daga darussan kasuwanci ko zamantakewa. Kuskuren haɗa darussa na hana gurbi ko da maki ya yi yawa, don haka duba kundin JAMB kafin cike fom ya fi tambayar mai shagon intanet. Masu difloma ta ƙasa ko NCE ko sakamakon IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, suna iya neman shiga aji biyu, amma ta hannun JAMB ɗin dai.

A Zariya, karatun mulki da kasuwanci na da tsohon tushe a harabar Kongo, wadda ta girmi jami'ar kanta da aka kafa a 1962. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai sashen gudanar da kasuwanci, akwai Makarantar Kasuwanci ta Dangote, wadda ta fi karkata ga karatun gaba da digirin farko, akwai kuma cibiyar nazarin harkokin banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci, abin da zai ja hankalin masu ƙyamar kuɗin ruwa.

Wanda ba zai iya barin ofis ko shago ba yana da zaɓin karatun wucin-gadi na ƙarshen mako, ko karatu daga nesa. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi kuma ba ta bukatar a zauna jarrabawar JAMB kafin shiga. Jami'ar Ahmadu Bello ma na da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da wannan digiri. Sauƙin shigar kan ruɗi mutane. Karatu bayan an tashi daga aiki a gajiye, ba malami a gaba, ga kuɗin data, yana bukatar horon kai da ba kowa ke da shi ba. Matashin da ke son yi wa ƙasa hidima kuma ya sani cewa hukumar NYSC ba ta tura waɗanda suka yi karatun wucin-gadi, takardar cirewa take ba su. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa kuwa takardar yafewa yake samu.

Ga ma'aikacin gwamnati, tsarin ofis ya fi karatun kansa sarƙaƙiya. Mai digiri na shiga aiki a mataki na 8, kuma layinsa na iya kai shi mataki na 17, wato darakta. Amma wanda ya samo digiri yana cikin aiki ba ya tashi kai-tsaye. Sai ya nemi a sauya masa layi, hakan kuma ya dogara ga samuwar gurbi da amincewar hukuma. Abu mafi muhimmanci shi ne samun izini a rubuce kafin fara karatu, domin takardar da aka samo a ɓoye tana iya zama a fayil ba tare da an yi aiki da ita ba. Akwai kuma lissafin shekaru: ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda saura masa shekara shida, ya kashe huɗu ko biyar a karatu, ya kamata ya tambayi kansa ko don ƙarin girma yake yi ko don sana'ar da zai kama bayan ya ajiye aiki. Dalili na biyun ya fi tsayuwa da ƙafafunsa.

Gaggawa ita ce babban tarko. A Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga jamhuriyoyin Benin da Togo, matakin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin zullumi. A cikin gida ma akwai cibiyoyin da ke iƙirarin alaƙa da jami'o'i alhali NUC ba ta san da su ba. Hukumar na wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su da na haramtattu, kuma amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas ɗin da take koyarwa daban. Duka biyun ake dubawa.

Ta fuskar kuɗi, jami'o'in gwamnati da dama sun ƙara kuɗin rajista tun daga 2023, masu zaman kansu kuwa sun ninka su sau da yawa. Asusun lamunin karatu na NELFUND, da ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, yana bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. A lissafa da yiwuwar yajin aiki: na ƙungiyar ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas.

Bayan kammalawa, digirin na buɗe ƙofar bankuna da kamfanonin sadarwa da masana'antu da ma'aikatu, sai dai masu riƙe da shi suna da yawa ƙwarai, domin kusan kowace jami'a na koyar da shi. Shi ya sa darajar sakamako ke tasiri. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma manyan kamfanoni da dama daga nan suke fara tace masu nema. Makin na taruwa ne tun daga zangon farko, don haka wanda ya yi sakaci a aji ɗaya yakan ƙare shekarun da suka rage yana cike rami. Masu son ƙwarewa a ɓangare guda sukan ɗora da jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararru, ICAN ko ANAN ga masu sha'awar aikin akanta, CIPM ga masu kula da ma'aikata, kuma ICAN na da matakin share fage da ɗalibi zai iya fara rubutawa tun yana jami'a.